Wa zai biya kuɗin koyon alƙalancin wasan yara?

A Amurka, da zarar hunturu ya fara ja da baya, makarantun sakandare sukan buɗe kakar besbol, wasan nan da ɗaya ke jifan ƙwallo ɗaya na dukanta da sanda. Tun kafin lokacin ake fara tallar kwasa-kwasan horar da alƙalan wasa, wannan na kwana biyu, wancan na mako guda, kowanne da farashinsa. Waɗanda ake yi wa tallar ba 'yan albashi ba ne a harkar. Malamin makaranta ne, ko ɗan sanda mai ritaya, ko direba, wanda zai tashi daga aiki da la'asar ya ɗaura sulke ya tsaya a bayan 'ya'yan mutane. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne ko ya dace mutum ya zaro kuɗi daga aljihunsa don koyon aikin da ladansa bai taka kara ya karya ba.

A ganina horon ya ci kuɗinsa, kuma wajibi ne a kan duk wanda ya yarda ya yanke hukunci tsakanin yara. Inda nake da ja shi ne wanda ake ɗora wa biya, da abin da wasu ke sayarwa da sunan horo.

Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba zai ɗauka aikin kallo ne kawai. Tsakanin mai jifa da mai bugu tazarar ƙafa 60 ce da inci 6. Yaron da ya iya jifa yakan saki ƙwallo da gudun mil 80 a awa, ta iso cikin kusan rabin daƙiƙa, wani lokaci tana lanƙwasa a hanya. A cikin wannan ƙiftawar ido alƙali zai tantance ko ta ratsa saman faifan da faɗinsa inci 17 ne, kuma ko tana tsakanin gwiwar mai bugu da wajen ƙirjinsa. Babu layin da aka zana a iska. Zai maimaita wannan hukunci sama da sau 100 kafin a tashi. Littafin dokoki ba zai koya masa inda zai ajiye ƙafarsa ba. Sai wani tsohon hannu ya tsaya a kansa, ya ce masa kanka na motsi, bi ƙwallon da ido kawai, kada ka furta komai sai ta shige hannun mai cafka. Yawancin sababbi gaggawa ce ke kayar da su, kuma ba su san suna yi ba sai an nuna musu a bidiyo.

Ga kuma ƙarancin hannu. A babbar gasar MLB alƙalai huɗu ne a fili, ga na'urar sake duba hoto. A sakandare galibi biyu ne, su kaɗai da idanunsu. Idan akwai mai gudu a zango na farko aka buga ƙwallo ta fita can waje, na bayan faifai ne zai ruga ya tare zango na uku, abokinsa ya kula da sauran. In ba su san wannan rabon aiki ba, sai ka ga su biyun sun tsaya wuri ɗaya suna kallon juna, yaro ya zame ƙasa a can babu mai shaida. Masu cewa yau da gobe ce ke koyar da mutum sun faɗi gaskiya, amma rabinta. Wanda ya shekara goma yana tsayuwa a karkace ba tare da mai gyara masa ba, karkacewar ce kawai ya ƙware a kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa waɗannan yara ne. Alƙalin sakandare ne ke da ikon korar wanda ya bangaje ɗan'uwansa da mugunta, shi ne zai fitar da yaron da ya nuna alamar buguwar ƙwaƙwalwa, shi ne zai tsayar da wasa in an ji tsawa, a jira minti 30 kafin a koma. Yaro mai shekara 16 yana koyon mene ne adalci daga yadda aka yi masa hukunci a gaban iyayensa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin wasa bai kuma damu da ya iya aikin ba, ya ci amanar yaran, komai ƙanƙantar kuɗin.

Horo ba ya kawar da kuskure. Ranar 2 ga Yuni 2010 a Detroit, Jim Joyce, wanda ya haura shekara 20 yana alƙalanci a MLB, ya yi kuskure a zango na farko, ya hana mai jifa Armando Galarraga kafa tarihin kammala wasa ba tare da ko mutum ɗaya ya tsira a hannunsa ba. Da ya ga bidiyo, ya nemi Galarraga ya ba shi haƙuri yana hawaye. In irin su Joyce na iya faɗuwa, ina ga wanda aka miƙa wa littafi da riga aka ce je ka?

Sai dai ba kowane kwas ne ya dace da ɗan sakandare ba. Shahararriyar makarantar horar da alƙalai ta Wendelstedt a jihar Florida ta kasance tana riƙe ɗalibai makonni a farkon shekara, kuma dokokin ƙwararru ne ginshiƙin karatunta. Makarantun sakandare kuwa yawancinsu suna bin dokokin hukumar NFHS mai hedikwata a Indianapolis, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Zagaye 7 ake yi maimakon 9. Ɗan wasan da aka fara da shi zai iya fita ya sake dawowa sau ɗaya. Idan mai jifa ya yi motsin yaudarar mai gudu, a sakandare nan take ake tsayar da wasa, a wajen ƙwararru kuwa ana bari a ga ƙarshen abin. Mutum mai iyali da ba ya neman zama ƙwararre ba ya buƙatar barin aikinsa wata guda. Kwas na kwana biyu ko uku a kusa da gida, da ƙwallo ta gaske da malami a kansa, ya wadatar. Hatta masu neman ƙwarewar, MLB tana shirya musu sansanin kwana ɗaya kyauta. Jen Pawol, mace ta farko da ta yi alƙalanci a wasan gasar MLB a watan Agusta 2025 a Atlanta, ta irin wannan sansani ta shigo a 2015.

To me ya sa mai yi wa yara hidima ne zai riƙa biya shi kaɗai? A jihohi da dama ladan wasa ɗaya bai kai dala 100 ba. Daga ciki zai sayi abin rufe fuska, sulken ƙirji, kariyar ƙwauri da takalmi mai ƙarfe a baki, ɗaruruwan daloli kafin ya karɓi ko sisi. Zai biya kuɗin rajista, ya zuba mai a mota, sannan ya sha zagi daga iyayen da ke bayan shinge. A 2022 NFHS ta bayyana cewa kimanin alƙalai 50,000 na wasanni daban-daban sun ajiye aikin tun daga kakar 2018/2019. Har ɗage wasanni ake yi saboda babu mai tsayawa. A irin wannan hali, a ce wa sabon shiga ya ƙara kawo kuɗin kwas, korarsa ake yi da hannu biyu.

Akwai kuma wani abu da ba a son faɗa da ƙarfi. A kowane yanki akwai mai rabon wasanni, shi ke cewa wane zai je babban wasa, wane zai je na ƙananan aji. Idan shi ne kuma mai kwas ɗin da ake biya, ko babban malami a ciki, kowa ya san abin da zuwa ke nufi da abin da rashin zuwa ke jawowa. Ba na zargin kowa da kowa, da yawansu mutanen kirki ne masu son aikin. Amma tsarin da ke sa mutum ya biya don a gan shi ya riga ya gurɓata, ko da niyyar masu shi fara ce tas. Alƙalin da ya sami matsayi ta wannan ƙofa ya shigo da rauni a aikin da gaskiya ce jarinsa.

Makarantu ne ke cin moriyar alƙali nagari, su da hukumomin wasanni na jihohi masu karɓar kuɗin shiga a wasannin ƙarshe. Su ya kamata su ɗauki horon shekarar farko da ta biyu, ko su mayar wa mutum kuɗinsa in ya kammala kaka. Mai rabon wasanni kuma a raba shi da aljihun kwas. Kafin a kai ga haka, wanda ke da hali ya je, amma ya tambaya tun kafin ya biya: jifa nawa zai hukunta da kansa, da wace doka za a koyar, kuma wa zai karɓi kuɗin.