Tambayoyi biyar na auna ƙarfin tsoho: sun dace da namu tsofaffin?



Kwanakin baya wani dattijo ya zo wurina neman maganin ƙarfin jiki, ɗansa na riƙe da hannunsa. Na ce, Baba, ka taɓa faɗuwa bana? Ya ce sam. Ɗan ya sunkuyar da kai. Da muka fito rakiya sai yaron ya raɗa mini cewa sau uku ke nan, na ƙarshe ma a wurin alwala.

Abin da ke damun irin wannan dattijo sau da yawa zaizayewar tsoka ce. Nama na narkewa a hankali, cinya da ƙwauri su sirance, ƙarfi ya tafi. Mu kan ce ai tsufa ne, mu yi shiru. Likitoci kuwa sun ɗauke ta cuta mai suna, domin ita ke kai tsoho ga faɗuwa, faɗuwa ta kai ga karayar ƙugu, daga nan sai kwanciya.

A 2013 wasu masana biyu a Amurka, Malmstrom da Morley, suka fito da tambayoyi biyar da ake kira SARC-F. Ana tambayar tsoho ko yana shan wahalar ɗaukar kaya mai nauyin kilo 4 da rabi, kamar ƙaramin galan na ruwa. Ko tafiya daga wannan gefen ɗaki zuwa wancan. Ko tashi daga kujera ko gado. Ko hawa matakala 10. Sai kuma sau nawa ya faɗi cikin shekara. Kowace tambaya maki 0 ne in ba wahala, 1 in da 'yar wahala, 2 in wahalar ta yi yawa ko ba ya iyawa. A faɗuwa, sau 1 zuwa 3 maki 1 ne, sau 4 ko fiye maki 2. Wanda ya tara 4 ko sama, a kai shi likita ya duba.

Ni ina goyon bayan abin nan, tunda ba allura, ba kuɗi. Amma ku ji inda nake da magana.

Ma'auni sai an gwada shi kafin a yarda da shi. Yadda masana ke yi, su fassara tambayoyin, su yi wa tsofaffi masu yawa, sannan su auna waɗannan tsofaffin da na'ura: ƙarfin damƙar hannu, saurin tafiya, yawan tsoka. Sai a ga ko bakin tsoho ya yi daidai da na'ura. An yi haka a harsuna da dama, kuma abin da aka yi ta gani shi ne: in tambayoyin suka kama mutum, galibi akwai matsala, amma suna barin masu cutar da yawa su wuce. To kada makin Baba ya fito 2 ka ce shi ke nan lafiya lau.

Mu nan kuma da ƙari. Tsohon da rayuwarsa kan tabarma da buzu take, me za ka gane in ka tambaye shi kujera? Tashi daga ƙasa ya fi tashi daga kujera wuya nesa ba kusa ba. Gidajenmu nawa ne ke da bene? Iya da ba ta hawa matakala za ta ce maka ba wahala, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ga alkunya: dattijo ba zai ce wa ɗan cikinsa ya faɗi ba. Don haka duk mai son kawo tambayoyin nan cikin Hausa, fassara kaɗai ba ta isa ba, sai ya gwada su a kan tsofaffinmu. Da za a tambaye ni, zan ce a gwada har da tashi daga sujada, domin sau biyar a rana ake ganinsa, ba ya ɓoyuwa.

Kafin nan, ku sa ido. Ya fara dafa bango in zai miƙe zuwa raka'a ta biyu? Ya koma sallah a zaune? Sallar zaune ga mai uzuri halal ce, ba a nan maganar take ba. Ku dai binciki dalilin. Ku ari tef ɗin tela ku auna ƙwauri a inda ya fi kauri. Masana a Burazil sun haɗa wannan awo da tambayoyin a 2016, kuma ya ƙara kama waɗanda ake rasawa: santimita 34 ko ƙasa ga namiji, 33 ko ƙasa ga mace, alama ce. In ƙafa ta kumbura, awon ba ya aiki.

Kuma ni da nake harkar itatuwa nake gaya muku, ba jiƙon da zai mayar da tsoka shi kaɗai. Tsoka motsi take so da abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa. Koko da tuwo zalla ba su isa ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara irin wannan abinci. Ku bar Baba ya taka zuwa masallaci in zai iya, wani ya bi shi. Ya riƙa zama yana tashi daga kujera mai ƙwari sau da dama kullum, wani na tsaye kusa da shi.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya. Wassalam.