Tsohuwar Manhaja Gida Ne Ba Ƙyaure

Muna jan kunnen 'yan'uwanmu akawuna da malaman makaranta a kan wani sakaci da ya zama ruwan dare. Ana barin kwamfutar ofis a kan manhajar da masu ita suka daina gyarawa, wai don tana aiki lafiya lau. To, ai katanga na tsaye ɓarawo ke shiga ta kafa.

Kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, daga Windows 10 kuwa ran 14 ga Oktoba 2025. Duk kafar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna, sai fa ga wanda ya nemi ƙarin wa'adi.

A watan Mayu 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, har aka fasa duba dubban marasa lafiya. Gyaran ya fito tun watan Maris, ba a sa ba ne. Ina ga wanda gyaran ma ba zai zo masa ba?

Lissafin albashi da sakamakon jarrabawar yara amana ne a hannunmu. Kwamfutar da ba ta iya ɗaukar Windows 11, a sa mata Linux, ko kuwa a raba ta da intanet.