Kafin A Sayi Biren-Bos A Ladipo

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ya san irin saƙonnin da ke zuwa masa daga gida. To, a 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani, watau saƙon biren-bos. Ɗan'uwa zai bugo waya daga Bwari ko Kubwa ko Dutsen Alhaji, ya ce motarsa ta kwana biyar a gareji, bakanike ya ce ƙwaƙwalwarta ta mutu, don Allah a shiga kasuwar Ladipo a sayo wata a ba direban motar dare ya kawo. Mai zumunci sai ya bar sana'arsa ta ranar, ya sha cunkoson Mushin, ya zuba kuɗin da watakila na hayar ɗaki ne. Bayan kwana biyu a sake bugowa, a ce an ɗaura, amma mota tana nan jiya-i-yau.

Abin da ya kamata a faɗa wa masu aikowa da waɗanda ake aika shi ne: wannan ɗan akwati ba ya yawan mutuwa kamar yadda ake zato. Yawancin waɗanda ake cirewa a yar, lafiyarsu ƙalau, an dai rasa gane cutar ne aka ɗora musu laifi.

Dattawan direbobi suna tuna zamanin Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ita kafireta gare ta, kuma bakanike da kunnensa da sukundireba yake gane damuwarta. Amma tun a 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa wata Volkswagen na'urar lantarki mai auna man da inji ke sha, a 1979 kuma ya fito da wadda ta haɗa auna mai da ba da wutar fulogi a akwati guda. Daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace sabuwar mota ta zo da wani soket mai baki 16 a kusa da sitiyari, inda za a jona na'urar bincike mota ta faɗi abin da ke damunta. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Waɗannan motoci su ne suka tsufa a can, aka loda su a jirgi suka zama tokumbo a nan.

Aikin akwatin ba tsafi ba ne. Akwai 'yan na'urori da kanikawa ke kira sansa, a warwatse a jikin inji. Wata tana faɗin saurin juyawar inji, wata zafin ruwa, wata yawan iskar da ke shiga, wata kuma tana sansano hayaƙin salansa. Akwatin ya tattara labarinsu, sa'an nan ya yanke yawan man da injekta za ta fesa da lokacin da kwayil zai ba fulogi wuta. Ashe ke nan in ɗaya daga cikin masu kawo labarin ta yi ƙarya, ko waya ta tsinke a hanya, akwatin zai yi hukuncin banza alhali shi lafiyarsa lau.

Bwari wuri ne da wannan magana ta shafa ƙwarai. Nan ne hedkwatar hukumar JAMB, nan ne kuma Makarantar Koyon Aikin Lauya wadda ta taso daga Ikko a 1997. Ma'aikata masu yawa da kuɗin haya ya koro daga tsakiyar Abuja suna kwana a wannan yanki, kullum safiya su gangara birni, da yamma su hauro. Tsoffin Golf da Corolla da Camry su ne ke wannan jigila, a kan hanyar da ke hawa tudu tun daga Dutsen Alhaji, ta wuce mahaɗar madatsar ruwa ta Usuma. Mota mai shekara ashirin da ɗoriya, cike da fasinja, a hawan dutse da tsakar rana, duk wani rauni da take ɓoyewa a nan yake bayyana.

Ga misalin da aka fi gani. Mota tana tafiya lafiya, da ta yi zafi sai ta mutu, a jira rabin sa'a ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. Nan da nan sai a ce biren-bos ne. Alhali kuwa wannan halin sansar kiranshaf ne, wadda in ta tsufa ba ta jure zafi, ko kuma rile mai ba famfon mai wuta, wanda dalmarsa ta tsage. Tsoffin Honda sun yi suna a kan wannan rile. Haka nan gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 aka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka yi ta shiga gareji a Abuja da Ikko. Irin wannan mai famfo da injekta yake ci, ba ruwansa da akwatin da ko ɗigon fetur ba ya taɓa shi.

Binciken gaskiya ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A murɗa makulli ba tare da an tada inji ba: fitilar inji ta dashbod ya kamata ta kama, a kuma ji ƙugin famfon mai na kamar daƙiƙa biyu. In ba a ga haka ba, fiyus da rile da wayar at za a fara dubawa, domin akwatin da wuta ba ta kai gare shi ba daidai yake da matacce. A auna batir, cikakke yana ba da kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. A auna bolt 5 da akwatin ke aika wa sansoshi, gama sansa ɗaya in ta haɗe wuta takan janye wannan bolt 5 ɗin gaba ɗaya, akwatin ya yi shiru, da an zare ta kuwa ya farfaɗo. Sa'an nan a jona na'urar bincike. Lambar P0335 tana nuni ga sansar kiranshaf da wayoyinta. Su P0601 da P0606 su ne ke tuhumar akwatin kansa, su ma ɗin sai an tabbatar wuta da at suna daidai kafin a yarda da su. Na'urar ma ba boka ba ce. Unguwar da cutar take kawai take nunawa, sauran aiki na mai gwaji ne.

Ba a ce akwatin ba ya mutuwa sam ba. Yana mutuwa, amma galibi kashe shi ake yi. Har yanzu akwai mai wayarin da ke cire kan batir inji na aiki wai don ya ga ko caji na yi. Wannan dabarar zamanin kafireta ce, a motar yau kuwa wutar da ke tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona akwatin nan take. Akwai mai walda da ke ɗinke salansa batir na jone, da mai jona batir a juye, da mai wankin mota da ke sakar wa inji ruwan famfo mai ƙarfi. Damina ma tana da nata rabo. Akwatin Golf 3 yana zaune ne a kwarin da ke ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwan sama ke bi, in ganye ya toshe magudanar sai ya kwana cikin ruwa. Na Honda Accord ta 1990 zuwa 1993 yana ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar fasinja, motar da ta ratsa ambaliya sau ɗaya ta gama da shi. Wasu kuma tsufa ne kawai: akwatunan motocin Japan na shekarun 1990 suna da 'yan kafasito da ke yoyo su cinye layukan allon. Wannan mai gyaran rediyo da ya iya dalma yana iya canza su, in an kai da wuri.

Abin takaici, motar da aka cire wa tamostat, aka ɗaure fankarta kai tsaye, aka fasa tukunyar salansa aka sayar da abin da samari ke kira indomi, aka kuma liƙe fitilar inji da baƙin salatif don kada mai saye ya gani, ita ce ake zargin akwatinta da shan mai. Akwatin da aka gaya wa inji a sanyaye yake kullum, dole ya ƙara mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, direban haya ya san abin da wannan ke ci masa a aljihu.

Kanikawan ba mugaye ba ne. Yawancinsu a kan kafireta suka koyi aiki, a hannun iyayen gidan da su ma ba su taɓa riƙe mita ba. Hukumar NADDC mai kula da harkar motoci takan shirya horo a kan motocin zamani, sai dai ƙasar da faɗi. Kamata ya yi ƙungiyar kanikawa ta NATA a Bwari da majalisar yankin su haɗa hannu, ko da na'urar bincike ɗaya ce da mita a kowane babban gareji, da yaro ɗaya mai takardar sakandare da aka koya wa karanta su. Ba daidai ba ne a ce sai an jawo mota tun daga Bwari har Apo, a ɗaya gefen birni, don a karanta lamba guda.

Shi kuwa ɗan'uwa na Kurmi da aka aika, kada kunya ta hana shi tambaya. Ya ce a faɗa masa lambar da na'ura ta nuna, da abin da aka auna kafin a yanke hukunci. In an tabbatar, a turo masa hoton takardar da ke manne a jikin tsohon akwatin, domin suna da shekarar mota ba su isa ba: na Amurka daban da na Turai, na giyar hannu daban da na otomatik, na silinda 4 daban da na 6. Motoci da yawa daga ƙarshen shekarun 1990 suna da makulli mai ɗan guntun lantarki a ciki, wanda akwatin ya sani. Irin waɗannan, ko dai a sayo akwati da makullinsa da abin karanta makullin a haɗe, ko a tanadi mai kwamfutar da zai gabatar da su ga juna, in ba haka ba kik zai yi ta juyawa inji ya ƙi kamawa. Ya duba bakin soket, in ya ga tsatsa kore-kore ya ajiye, domin motocin da ambaliya ta ci a ƙasashen waje su ma ana farke su a sayar. Ya sa mai shago ya rubuta a rasit cewa za a karɓa in bai yi ba, da yawan kwanakin da aka ba shi, a lissafa har da kwanan hanya.

Can Bwari kuma, kafin a jona sabon, lalle a gano abin da ya kashe na farko, gama kwayil ko injektar da ta haɗe wuta za ta ƙona na biyu kamar yadda ta ƙona na fari. Tsohon akwatin kuma mai mota ya karɓi abinsa ya tafi da shi gida, kada ya bari a gareji.