Jiragen koyon tuƙi: a saya, amma a yi ciniki irin na 'yan kasuwa

Kwanakin baya a tashar Tudu, inda motocin Aflao ke lodi a nan Ankara, wani dattijo mai fataucin atamfa da ke sauraron shirina na rediyo ya tare ni da tambaya. Ya ce ya ji na ɓata rabin sa'a ina maganar jiragen sojan sama, to me ya haɗa mai ɗaukar kaya zuwa Lome da jirgin da ba zai taɓa shiga ba? Na ce masa, Baba, kuɗin da ka biya kwastan jiya, da shi za a saya. Ya yi shiru, sannan ya ce to in haka ne a yi mana bayani. Bayanin ke nan na kawo yau.

Da farko, mene ne jirgin koyon tuƙi? Ba a ɗauko yaro daga makaranta a ɗora shi kan jirgin yaƙi. Yakan fara da ƙaramin jirgi mai farfela, sannan ya koma mai injin jet mai kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowanne da abin sarrafawa a hannunsa. A nan yake koyon gudu, da tashi cikin dare, da yadda zai yi idan inji ya ba shi matsala. Ga ƙasa irin Gana da ba ta da manyan jiragen yaƙi, wannan jirgi aiki biyu yake yi. Shi ne makaranta, kuma shi ne ake ɗaura wa ƙananan makamai a aika sintiri.

Abin da muke da shi a wannan fanni shi ne jiragen K-8 guda huɗu da aka sayo daga ƙasar Sin tun wajen 2007, zamanin Shugaba Kufuor. Duk mai babbar mota ya san halin da abin hawa ke shiga idan ya doshi shekara ashirin yana aiki. An yi yunƙurin ƙari har sau biyu. A 2015 aka sanar da yarjejeniya da kamfanin Embraer na Barazil kan jiragen Super Tucano guda biyar masu farfela, shekaru suka shuɗe ba a ga jirgi ba. A 2021 kuma Ministan Tsaro na lokacin, Dominic Nitiwul, ya kai wa majalisa buƙatar sayen jiragen L-39NG guda shida daga kamfanin Aero Vodochody na Jamhuriyar Cek, a kan kuɗi kimanin Yuro miliyan 111, haɗe da kayan koyarwa. Idan aka raba, kowane jirgi ya haura Yuro miliyan 18. Sai ga shi a watan Disamba na 2022 ƙasa ta dakatar da biyan yawancin basussukan waje, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, a 2023 muka koma hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya da rancen Dala biliyan 3. Wanda ya kasa biyan tsohon bashi, wa zai ba shi sabo? Nan cinikin ya tsaya.

To, ni dai ra'ayina shi ne a sayi jiragen. Na san wasu 'yan'uwa a Nima da Maamobi za su ce ga magudanun ruwa a toshe, ga matasa zaune ba aiki, ina amfanin jirgi? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma mu dubi arewa. Masu ɗauke da makamai sun addabi Burkina Faso shekara da shekaru, kuma tsakaninsu da Paga ko Kulungugu ba wani nisa ba ne. Ga rikicin Bawku da ya sa direbobi ke bin hanyar da zuciya a hannu. Albasar Galmi da ke sauka a kasuwar Adjen Kotoku, da tumatur, da shanu, duk ta waɗannan hanyoyi suke biyowa. Ranar da hanya ta rufe, ɗan kasuwa ne farkon wanda zai kwana da yunwa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma matuƙi ba a samar da shi cikin wata guda. Shekaru ake yi ana horar da shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haɗarin ranar 6 ga Agusta 2025 ya isa ya zama darasi. Jirgin soja mai saukar ungulu samfurin Z-9 ya faɗi a yankin Adansi a kan hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Alhaji Ibrahim Murtala Mohammed. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan duka haƙuri. Kwamitin bincike ya ce iska ce mai dannowa ƙasa ta kayar da jirgin, kuma jirgin ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya kusanci tudu. Cikin shawarwarinsa har da samar da na'urorin kwaikwayon tuƙi domin matuƙa su riƙa sabunta horo. Bayan haka kasafin kuɗin 2026 ya zo da shirin sayen jirage masu saukar ungulu huɗu da wasu jirage biyu na doguwa da matsakaiciyar tafiya. Roƙona shi ne kada jirgin koyo ya zama na ƙarshe a layi, domin wanda zai tuƙa na manya ma sai ya fara zama ɗalibi.

Sai dai goyon bayan nan nawa da sharaɗi, kuma sharuɗɗan a kasuwa na koyo su.

Na ɗaya, a faɗi kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya taɓa sayen tirela ya san kuɗin saye shi ne ƙaramin abu, sauran yana wajen taya da mai da makanike. Jirgi ya fi haka. Injinsa da awoyi ake ƙirga shi, idan ya cika adadi dole a sauke a gyara. Saboda haka a gaya mana nawa kayan gyara za su ci cikin shekara goma, kuma 'ya'yanmu nawa za a koya wa gyaran a sansanonin Ankara da Takoradi da Tamale. Jirgin da ke kwance yana jiran ƙarfe daga Turai, da shi da babu duk ɗaya.

Na biyu, a nuna mana dillali da la'adarsa. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairu na 2020 kamfanin Airbus ya amsa a gaban kotun Ingila cewa ya gaza hana cin hanci a cinikayyarsa da ƙasashe da dama, har da cinikin jiragen C-295 da ya sayar wa Gana. A 2024 Ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman ya ce bai samu hujjar cin hanci a kan John Mahama ba, wanda aka yi ta ambaton sunansa a zancen. Amma shekara huɗu aka kwashe ana zargi da musu, kuma abin da ya jawo haka shi ne ciniki a cikin duhu. A kasuwar shanu kowa ya san dillali, kowa ya san abin da zai ɗauka. Sirrin tsaro ya tsaya a kan irin makamin da za a ɗaura, kada ya rufe farashi.

Na uku, kada a sa hannu sai an san inda kuɗin zai fito. Sau biyu ke nan ana buga ganga jirgi bai sauka ba. Gara a sayi huɗu da za a iya biya a kuma riƙe, da a yi alkawarin shida a takarda.

Ku kuma 'yan kasuwa, daga Aflao zuwa Paga, daga Elubo zuwa Hamile, kada ku ce wannan zancen manya ne. Kuna da ƙungiyoyi, kuna da sarakunan zango, kuna da 'yan majalisa da ke zuwa neman ƙuri'a har cikin rumfunanku. Idan sun zo, ku tambaye su nawa ne, wa ya yi dillanci, yaushe kaya zai iso. Tambayoyin da kuke yi wa duk wanda ya kawo muku haja ke nan, kuma wannan hajar da kuɗinku za a biya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya tsare matafiya a hanya, amin.