Giyar Gida a Ingila da Amurka: Inda Doka Ta Kafa Iyaka

A watan Yuli na 2024 wata kotun tarayya a jihar Texas ta Amurka ta yanke hukunci cewa Majalisar Ƙasa ta wuce gona da iri da ta hana mutum dafa barasa mai ƙarfi a cikin gidansa, hanin da ya samo asali tun 1868. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Wannan shari'a ta sake tono wata tsohuwar tambaya: ina ikon hukuma ya tsaya game da abin da mutum ya haɗa a ɗakinsa don amfanin kansa?

Domin a fahimci wannan gardama, ya kamata a fara duba giyar da ake haɗawa a gida, wadda doka ta daɗe da sakar wa mara a ƙasashen biyu. A kantunan Ingila da Amurka ana sayar wa sabon shiga kayan haɗi a ƙunshe: gwangwani ɗaya na ruwan tsiron sha'ir mai kauri, wanda aka dafa da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, da ƙullin yis, da bokitin roba mai murfi. Mai haɗin yakan ƙara sukari kamar kilo 1 da ruwa har ya kai lita 23. Cikin mako guda ko biyu yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, sa'an nan a ɗura a kwalabe. Ƙarfinta ba ya cika wuce kashi 4 ko 5 cikin 100. Abin da yakan tarar da ɗan koyo bai fi biyu ba: ƙazantar mazubi ta sa ta yi tsami, ko gaggawar ɗurawa ta sa kwalabe su fashe.

To, amma wannan aiki mai sauƙi ya daɗe a ƙarƙashin takunkumi, kuma babban dalilin shi ne haraji. A Ingila tun 1880 sai da lasisi mutum ke yin giya a gida. A 1963 Ministan Kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin, bisa sharaɗin ba za a sayar ba. Daga nan kasuwar gwangwanin ta buɗe, har manyan kantunan magani irin su Boots suka shiga sayar da shi, domin ma'aikaci ya gane cewa giyar bokiti ba ta ɗauke da harajin da ke kan ta mashaya.

A Amurka an hana sayar da barasa baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Bayan an ɗage hanin, doka ta bar magidanci ya yi ruwan inabi, amma ba ta ambaci giya ba. Sai a watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta halatta ta, ta fara aiki a Fabrairun 1979. Dokar ta ƙayyade galan 100 a shekara ga gida mai baligi ɗaya, galan 200 ga mai biyu ko fiye. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013.

Gwamnati ba ta yi asara ba. A 1978 kamfanonin giya a Amurka ba su kai 100 ba. Bayan shekara 40 sun haura 7,000, kuma da yawa daga cikin masu su a gida suka koyi aikin. Ken Grossman, wanda ya kafa kamfanin Sierra Nevada a California, da kantin sayar da kayan haɗin gida ya fara. Watau harajin da aka yafe a bokiti ya dawo ta hanyar masana'anta.

Inda aka bi hanyar hani kuwa, sakamakon ya bambanta. A 2020, lokacin annobar korona, Afirka ta Kudu ta hana sayar da barasa, jama'a suka koma haɗa ta da abarba da sukari da yis, hukuma kuma ta rasa harajin waɗannan watanni.

Iyakar da Ingila da Amurka suka kafa tana da fuska biyu. Ta farko tsakanin sha da sayarwa take: da zarar kuɗi ya shiga, lasisi da haraji sun wajaba. Ta biyu tsakanin jiƙo da dafawa take. Jiƙo ba ya kai barasa ƙarfi ƙwarai, domin ita kanta barasar takan kashe yis idan ta yi yawa. Dafawa a tara tururi kuwa tana kai ta kashi 40 ko fiye, ga haɗarin gobara, ga kuma haraji mai nauyi da gwamnati ke samu daga irinta. Wannan fuska ta biyu ce shari'ar Texas ta taɓa.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan bambanci. Burukutu jiƙon tsiron dawa ne, ogogoro kuwa dafaffe ne. A watan Afrilu na 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol. A jihohin Arewa da suka kafa shari'ar Musulunci daga 2000, dokar hani ce ke aiki, saboda haka batun lasisin gida bai taso ba. Amma darasin ya shafi duk ma'aikacin da ke tsara doka ko tara haraji: kafin a hana abu ko a ɗora masa kuɗi, a fara tambaya ko ana iya yinsa da bokiti da sukari a bayan ƙofa. Idan ana iyawa, dokar da ba ta yi la'akari da haka ba, a takarda za ta ƙare.