Kukan Satar Littafi da Tafin Gidan Kallo



Da wuya mako ya wuce a zauren nan ba mu yi kukan an sace littafin wani ba. Ko an kwashe shi an watsa a WhatsApp, ko masu tura finafinai a waya sun haɗa da shi suna karɓar 'yan canji. Mu yi ta Allah ya isa har maƙogwaro ya bushe. Amma ranar Asabar da la'asar, mu ɗin nan ne a kan bencin gidajen kallon ƙwallo na kewayen Babbar Kasuwa, muna yaba wa duk mai gidan da ya "iya harka", wato ya jawo wasan Firimiya ta ɓarauniyar hanya bai biya kowa ko kwabo ba. To wannan me sunansa?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ita ce ke kare littafinmu, ita ce kuma ke kare shirin da tasha ta watsa. Ba mu da ikon tsaga ta biyu mu ɗauki rabin da ya yi mana daɗi.

Za a ce kuɗin DStv ya yi yawa. Ƙwarai kuwa, kuma mai gidan kallo na fama da man janareta da haya. Rashin kishiya ma na cikin matsalar: HiTV ya karɓi haƙƙin nuna Firimiya a Najeriya a 2007, zuwa 2011 ya durƙushe. Sai dai mai karanta littafinmu a ɓagas, shi ma tsada yake kuka da ita, kuma ba mu taɓa karɓar uzurinsa ba.

A Ingila an yi wata mai mashaya a garin Portsmouth, Karen Murphy, da kuɗin Sky ya isa. Ba ta yi sata ba. Katin kallo ta saya na tashar Nova ta Girka, mai rahusa sosai, tana nuna wa kwastomominta wasa. Aka gurfanar da ita, aka ci ta tara, ta ƙi haƙura. A Oktoban 2011 Kotun Tarayyar Turai ta ce hana sayo kati daga wata ƙasar tarayyar ya saɓa wa 'yancin kasuwanci, a 2012 aka soke hukuncin da aka yi mata.

Ga inda ya shafe mu kai tsaye. Kotun ta ce wasan kansa ba ƙirƙirarren aiki ba ne da za a yi wa haƙƙin mallaka. Abin da ke da haƙƙi shi ne taken gasar, da tambari, da zane-zanen da ke fitowa a allo. Aikin mawaƙi da mai zane ke nan, masu sana'a irin tamu, su muke tafa wa ɓarawonsu.

Shi kuwa mai gidan kallon da ya tsallaka Maradi ya sayo dikoda da kuɗinsa, ya fi kusa da Murphy. Ya biya, sai dai ba a inda aka ce ya biya ba, kuma ba shi da hukunci irin na Turai da zai jingina da shi. Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. In za mu wasa alƙalami a kan tsada da babakere, wannan mutumin za mu kare, ba mai jona waya a bayan talabijin ba.