Sai Bature Ya Yaba?

Kwanakin baya a Chaza, a majalisar da muke zama bayan la'asar, wani yaro ya sako mana "Salamatu" a wayarsa. Wani malami cikinmu, mai digiri a Hausa kuwa, ya toshe kunne ya ce a kashe masa wannan "kiɗan Turawa". Da shi da ire-irensa nake wannan magana.

Wanda ya yi kiɗan dai Mamman Sani Abdoulaye ne, mutumin Jamhuriyar Nijar. A 1974 ya mallaki wani fiyano na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, a 1978 kuma ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kundinsa na farko. Ƙaset kaɗan aka buga. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sako sautinsa tsakanin shiri da shiri, jama'a sun haddace shi. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin da sunan La Musique Électronique du Niger, bayan mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya tsinci ƙaset ɗin a gidan tarihi na Yamai. Daga nan ne fa aka fara gayyatarsa Turai.

Hujjar masu suka ita ce wai inji ba shi da rai, sauti guda yake ta maimaitawa. Haba malam! Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu garaya da buta a wasan bori ya san cewa da maimaitawar ce ake sa mai rawa ya fita hayyacinsa. Matasan Jamus da suka tada kiɗan da suke kira trance a Frankfurt wajen 1990, wannan sirri suke nema da injinansu, alhali Mamman Sani ya riga su da shekara goma sha biyu, kuma karin waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa ya ɗora a kan maɓallan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a da ba haka muke ba. A nan Suleja, lokacin ana kiranta Abuja, Sarki Sulaimanu Barau ya tara tukwanen Ladi Kwali a fadarsa tun kafin Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar Bature ya gan su. Idon gida ne ya fara gane gwanintarta.

Yau kuwa ɗalibi ya je ya ce zai rubuta kundin digirinsa a kan makaɗin fiyano, sai a kora shi wajen Shata da Narambaɗa, waɗanda an yi ta rubutu a kansu har alƙalami ya gaji. Allah ya jiƙansu, ba su nemi a rufe ƙofa bayansu ba. Malamin namu na Chaza dai bai bari waƙar ta kai ƙarshe ba. Da aka gaya masa an buga ta a Amurka, sai ya ce a tura masa.